Takardar Haihuwa: Tarihin Sonia Pierre da 'Ya'yan Masu Saran Rake

Gabatarwa

   

Mu duka masu karanta wannan mujalla abu ɗaya ne ya haɗa mu. Wata rana an rubuta sunayenmu a rajistar makaranta, aka ba kowa lamba da wurin zama a aji, kuma a wancan lokaci ba mu ɗauki wannan a bakin komai ba. Tarihin da na kawo mana a wannan fitowa na wasu mutane ne da ke can ƙetaren teku, waɗanda aka haifa a wata ƙasa, aka binne cibiyarsu a can, amma aka hana su takardar haihuwa. Rashin wannan 'yar takarda ya rufe masu ƙofar makaranta da ta aikin yi, daga baya ma aka ce sam ba 'yan ƙasar ba ne. Tarihi ne kuma na wata mata, Sonia Pierre, wadda ta ƙarar da rayuwarta wajen nema masu haƙƙi.

Tsibiri Ɗaya, Ƙasa Biyu

A cikin Tekun Karebiyan, gabas da Kuba, akwai wani tsibiri da ake kira Hisfaniyola. Ƙasashe biyu ne a kansa. Haiti ce ke riƙe da wajen kashi ɗaya cikin uku daga yamma, mutanenta na magana da Kiriyol da Faransanci. Sauran kashi biyun na gabas kuwa na Jamhuriyar Dominikan ne, harshenta Sifaniyanci, babban birninta Santo Domingo.

Kolombus ya sauka a tsibirin a cikin 1492, ya kafa tutar Sifen. A cikin 1697 yammacin tsibirin ya koma hannun Faransa, Faransawa suka mai da shi gandayen rake da kofi, suka cika shi da bayi daga Afirka. A cikin littattafan da masu gandu suke lissafa bayinsu akwai sunayen ƙabilu irin su Kongo da Ibo da Bambara da Nago, wato Yarabawa, har da Hausa. Saboda haka labarin bai yi nisa da mu kamar yadda taswira ke nunawa ba.

A cikin 1791 bayin suka yi bore. Bayan yaƙin shekara goma sha biyu, ranar 1 ga Janairu, 1804, Haiti ta ayyana 'yancin kanta, bayi suka zama masu mulkin ƙasa. Faransa ba ta haƙura ba. A cikin 1825 ta tilasta wa sabuwar ƙasar ta amince da biyan faran miliyan 150 a matsayin diyyar dukiyar da masu gandu suka yi hasara. Wannan bashi na daga cikin abubuwan da suka karya ƙashin bayan Haiti tun tana jaririya.

Tsakanin 1822 da 1844 Haiti ce ke mulkin tsibirin baki ɗaya, kuma ita ce ta soke bauta a ɓangaren gabas. Ranar 27 ga Fabrairu, 1844, mutanen gabas suka ɓalle suka kafa Jamhuriyar Dominikan. Wato ke nan ranar da suke bikin 'yancin kai, ranar rabuwa ce da maƙwabciyarsu. 'Yan siyasa da dama sun ci gajiyar wannan tarihi, suna tsorata talakawa da cewa Haiti za ta sake mamaye su.

Rake da Bariki

A farkon ƙarni na 20 Amurka ta mamaye ƙasashen biyu: Haiti daga 1915 zuwa 1934, Jamhuriyar Dominikan daga 1916 zuwa 1924. A wannan zamani ne kamfanonin sukari suka faɗaɗa gandayensu a gabas, suka riƙa ɗebo leburori daga Haiti, domin saran rake aiki ne mai wuya da ƙarancin lada wanda 'yan ƙasa suke gudu. Ana ajiye leburorin a wasu barikoki da ke tsakiyar gonaki, nesa da gari, waɗanda ake kira batey. Galibinsu babu ruwan famfo, babu lantarki, babu asibiti.

A cikin 1930 Janar Rafael Trujillo ya karɓi mulki. A watan Oktoba na 1937 ya ba sojojinsa umarnin kashe 'yan Haiti da ke zaune a yankin kan iyaka. An yi ta sara da adduna kwana da kwanaki. Masana tarihi sun saɓa a kan adadin waɗanda aka kashe, wasu na cewa wajen dubu tara, wasu na cewa sun haura dubu ashirin, kuma da yawansu haihuwar ƙasar ne. Ana ba da labarin cewa sojoji kan nuna wa mutum wani ganyen girki su ce ya faɗi sunansa da Sifaniyanci, wato perejil. Wanda harshensa ya karkata irin na mai jin Kiriyol, kashinsa ya bushe.

Abin mamaki, wannan kisa bai tsai da ɗebo leburori ba, domin rake ba ya sare kansa. A cikin 1952 gwamnatocin biyu suka ƙulla yarjejeniyar kawo masu saran rake kowace kaka. Bayan an kashe Trujillo a 1961 masana'antunsa na sukari suka koma hannun gwamnati, aka ci gaba da cinikin. Gwamnatin iyalan Duvalier ta Haiti ta riƙa karɓar kuɗi a kan leburorin da take turawa, har faɗuwarta a 1986. Ashe ke nan hukuma ce da kanta take kawo mutanen nan, kamfani ya ba kowa ɗan katin aiki da ake kira ficha. Da yawansu ba su koma gida ba. Sun yi aure a bariki, sun haifi 'ya'ya, sun ga jikoki, aka binne su a nan.

Halin da mata suke ciki ya fi na kowa muni. Kwantiragin saran rake na maza ne, saboda haka mafi yawan mata ba su da ko katin kamfani. Ɗakin bariki da sunan lebura ake ba da shi. Idan miji ya mutu ko ya tafi, matar ba ta da ikon zama. Da wankau da sai da abinci da aikatau a gidajen masu hali suke rufa wa kansu asiri. Bugu da ƙari, wajen yi wa jariri rajista takardun uwa ake fara tambaya. Uwar da ba ta da takarda ba za ta iya samo wa 'yarta ba, ita ma 'yar idan ta girma ta haihu haka abin zai kasance. Da haka rashin takarda ya zama gado.

A rubuce dai, a wancan zamani doka tana tare da yaran. Kundin tsarin mulkin ƙasar ya ce duk wanda aka haifa a cikinta ɗan ƙasa ne. Tun daga 1929 mutum iri biyu kawai aka keɓe: 'ya'yan jakadun ƙasashen waje, da 'ya'yan matafiya masu wucewa. Ƙa'idojin shige da fice na 1939 kuma suka bayyana mai wucewa da cewa shi ne wanda zamansa bai wuce kwana goma ba. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, da hantsi ya ɗaga sai ya tafi. To amma a ofisoshin rajista sai akawu ya dubi launin fatar mutum da sunan mahaifinsa, ya kira wanda ya shekara talatin yana saran rake mai wucewa.

Wace Ce Sonia Pierre?

An haifi Sonia Pierre a cikin 1963 a barikin Lechería da ke yankin Villa Altagracia. Iyayenta 'yan Haiti ne da aikin rake ya kawo, ita kuma ɗaya ce daga cikin 'ya'ya goma sha biyu. Sunanta na yanka Solange, amma akawun da ya yi mata rajista ya rubuta shi a karkace, kuskuren da maƙiyanta suka yi amfani da shi bayan shekara arba'in.

Tana da shekara goma sha uku, a cikin 1976, masu saran rake na yankinsu suka yi zanga-zangar kwana biyar. Da yake ta iya Sifaniyanci da Kiriyol, ita ce ta zama bakinsu. Aka kama ta, aka yi mata barazanar za a jefa ta Haiti. Duk da haka leburorin sun sami ƙarin lada da kayan aiki masu ɗan dama, aka kuma shafa wa ɗakunansu fenti.

A cikin 1983 ita da wasu mata suka kafa ƙungiyar matan Dominikan 'yan asalin Haiti, wadda aka fi sani da MUDHA. Sun lura cewa ƙungiyoyin ƙwadago maganar lada da awon rake kawai suke yi, ba ruwansu da matar da ke haihuwa a ƙasa babu ungozoma, ko yaron da aka koro daga makaranta. Ƙungiyar ta buɗe ƙananan makarantu a barikoki, ta horar da mata aikin kiwon lafiya matakin farko, ta kuma riƙa raka iyaye mata ofishin rajista tare da lauya. Wannan rakiya ce ta haifar da shari'ar da ta fito da sunan ƙungiyar a duniya.

Shari'ar Yara Biyu

Ranar 5 ga Maris, 1997, aka je ofishin rajista na garin Sabana Grande de Boyá don nema wa yara mata biyu takardar haihuwa. Dilcia Yean na da wata goma, Violeta Bosico kuma na gab da cika shekara goma sha biyu. Dukkansu haihuwar ƙasar ne, iyayensu mata ma 'yan ƙasa ne, iyayensu maza ne 'yan Haiti. Aka ƙi ba su, aka ɗora masu sharuɗɗan da ba na yara masu shekarunsu ba. Saboda rashin takardar Violeta ta rasa gurbinta a makarantar rana, ta koma ajin dare na manya har tsawon shekara guda. Malamanmu sun fi kowa sanin abin da wannan ke nufi ga yarinya mai tasowa.

Da hanyoyin cikin gida suka toshe, a cikin 1998 aka kai kuka gaban Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Nahiyar Amurka. MUDHA ce ta tsaya wa yaran, tare da wata cibiyar lauyoyi mai suna CEJIL da sashen koyon aikin lauya na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. A cikin 2001 gwamnati ta ba yaran takardunsu, amma ba ta gyara tsarin da ya hana su ba. Sai aka ɗaga maganar zuwa Kotun Haƙƙin Ɗan Adam ta nahiyar, mai zama a San José ta ƙasar Kosta Rika.

Ranar 8 ga Satumba, 2005, kotu ta yanke hukunci. Ta ce an nuna wa yaran bambanci, an bar su ba ƙasa shekara da shekaru. Ta ce matsayin iyaye a dokar shige da fice ba abu ne da 'ya'ya ke gada ba, kuma ba daidai ba ne a kira mutumin da ya kafa rayuwarsa a ƙasa mai wucewa. Ta umarci a biya kowace yarinya dala dubu takwas, a nemi gafararsu a bainar jama'a, a kuma sauƙaƙa hanyar rajista ga kowa.

Tsugune Ba Ta Ƙare Ba

Maimakon hukuncin ya buɗe ƙofa, sai aka shiga ƙara mata sakata. Tun a 2004 majalisa ta yi sabuwar dokar shige da fice wadda ta sa duk wanda ba shi da izinin zama a sahun masu wucewa, kuma a watan Disamba na 2005 Kotun Ƙolin ƙasar ta amince da dokar. A cikin 2007 hukumar zaɓe, wadda ita ce ke riƙe da rajistar haihuwa da katin shaida, ta umarci ma'aikatanta su daina ba da kwafen takardar haihuwa ga duk wanda suke shakkar takardun iyayensa. A lokacin kuwa sai da sabon kwafe ake shiga jami'a a ƙasar, ko ɗaura aure a hukumance, ko karɓar fasfo. Samari da 'yan matan da suka gama sakandare da sakamako mai kyau suka wayi gari ba gaba ba baya.

Ita kanta Sonia ba ta tsira ba. Tun a 2000 barazanar da ake yi mata ta sa kotun nahiyar ta umarci gwamnati ta kare lafiyarta. A cikin 2007 aka tono kuskuren nan na akawu, aka nemi a soke takardar haihuwarta, sai da aka yi ca daga ciki da wajen ƙasar sannan aka janye. Wasu jaridu da 'yan siyasa sun kira ta maciya amanar ƙasa, alhali ita kullum cewa take ƙasarta take nema wa gyara. A waje kuwa an karrama ta: ƙungiyar Amnesty International ta ba ta lambar yabo a 2003, ta sami lambar Robert F. Kennedy ta kare haƙƙin ɗan Adam a 2006, sannan a 2010 gwamnatin Amurka ta sa ta cikin jaruman matan duniya na shekarar.

Ranar 12 ga Janairu, 2010, girgizar ƙasa ta ragargaza Haiti. A gaskiya mutanen Dominikan na cikin waɗanda suka fara kai agaji, asibitocinsu suka karɓi dubban masu rauni. Sonia ma ta tsallaka da ƙungiyarta zuwa garin Léogâne don taimakon mata da yara a sansanoni. Amma mako biyu kacal bayan girgizar, ranar 26 ga wata, aka ƙaddamar da sabon kundin tsarin mulki wanda ya cire 'ya'yan marasa izinin zama daga zama 'yan ƙasa. Sonia Pierre ta rasu ranar 4 ga Disamba, 2011, sakamakon bugun zuciya, tana da shekara 48.

Hukuncin 2013

Ba ta ga mafi munin abin ba. Wata mata mai suna Juliana Deguis Pierre, wadda aka haifa a 1984 a lardin Monte Plata, ta je neman katin shaida a 2008, aka karɓe takardar haihuwarta aka ƙi mayar mata. Ta kai ƙara. Ranar 23 ga Satumba, 2013, Kotun Tsarin Mulki ta yanke hukunci mai lamba 168-13, inda ta ce Juliana ba 'yar ƙasa ba ce, tun da iyayenta masu wucewa ne. Kotun ba ta tsaya kanta ba. Ta umarci a binciki rajistar haihuwa tun daga 1929, a fitar da duk mai irin matsayinta. Alƙalai goma sha ɗaya ne suka amince, biyu suka ƙi, kuma su biyun nan mata ne: Ana Isabel Bonilla da Katia Miguelina Jiménez.

Da alƙalami ɗaya aka koma baya shekara tamanin da huɗu, aka shafi kaka da uwa da jika. Ƙiyasin farko na Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya kai mutum dubu 210, daga baya ta rage shi zuwa wajen dubu 133.

Adalci ne a faɗi hujjar gwamnati. Ta ce kowace ƙasa na da ikon tsara wanda zai zama ɗanta, ta ce ita ma ƙasa ce mai tasowa da ba za ta iya ɗaukar nauyin maƙwabciyarta ita kaɗai ba, ta kuma ce mutanen ba marasa ƙasa ba ne, tun da dokar Haiti na ba ɗa ƙasar iyayensa. Masu kare haƙƙi suka amsa da cewa wanda kakansa ya baro Haiti ba takarda ba shi da hanyar tabbatar da wannan dangantaka, da yawansu ma ba su taɓa taka Haiti ba, kuma ba Kiriyol ne harshensu na farko ba.

Matsin lamba ya sa a watan Mayu na 2014, zamanin Shugaba Danilo Medina, aka yi doka mai lamba 169-14, wadda ta kasa mutanen gida biyu. Waɗanda aka taɓa yi wa rajista za a mayar masu da takardunsu, kuma a 2015 aka fitar da sunayen wajen mutum dubu 55. Juliana na cikin waɗanda suka dace, ta karɓi katinta a 2014. Waɗanda ba a taɓa yi wa rajista ba kuwa, sai su rubuta kansu a matsayin baƙi a ƙasar haihuwarsu, bayan shekara biyu su nemi a ba su izinin zama 'yan ƙasa. Mutum 8,755 ne kawai suka iya cika sharuɗɗan kafin wa'adi ya cika. Sai a 2020 aka sa hannu a kan ba wa wajen 750 daga cikinsu. A cikin 2014 ɗin kotun nahiyar ta sake samun ƙasar da laifi, sai Kotun Tsarin Mulki ta ce amincewar da ƙasar ta yi da ikon waccan kotu tun farko ba ta inganta ba.

Mata masu ciki su ne suka fi shan wuya a shekarun da suka biyo baya. A ƙarshen 2021 jami'an shige da fice suka riƙa kama su a asibitoci suna tasa ƙeyarsu zuwa kan iyaka, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi kira a daina. A 2022 gwamnatin Shugaba Luis Abinader ta fara gina katanga a kan iyaka, a watan Oktoba na 2024 ta ce za ta riƙa korar mutum dubu goma kowane mako, a watan Afrilu na 2025 kuma aka kafa binciken takardu a asibitocin gwamnati 33. Matar da ke tsoron kamu ba za ta je awo ba, kuma jaririn da aka haifa a ɓoye ba shi da shaidar ranar haihuwa ko wurinta.

Kammalawa

Wani zai ce to mene ne Sonia Pierre ta cim ma, tun da abin ya ƙara lalacewa bayanta? Amsa ita ce, kafin ta tashi ana yin wannan zalunci ne a kan teburin akawu, ba mai gani ba mai rubutawa. Ita da matan barikoki suka fito da shi fili, suka sa aka rubuta shi a kundin shari'a, hukuncin 2005 ya zama hujjar da lauyoyi ke kafawa a shari'o'in marasa ƙasa a wasu nahiyoyi. Dubban da aka mayar wa takardu bayan 2014 sun ci albarkacin wannan tushe. Daɗin daɗawa ta bar magada. A shekarar da ta rasu matasan da aka hana takardu suka kafa ƙungiyarsu mai suna Reconoci.do, kuma mata irin su Ana María Belique ne a sahun gaba.

'Yan'uwa, a cikinmu akwai alƙalai da lauyoyi, akwai likitoci da shugabannin makarantu, akwai waɗanda sa hannunsu ke sa takarda ta fita ko ta maƙale. Wannan tarihi ya nuna cewa da hannun masu ilimi irinmu aka raba mutane da ƙasarsu, kuma da hannun masu ilimi aka ƙwato abin da aka ƙwato. Duk wanda aka kawo masa yaro a rubuta sunansa, ya tuna rayuwar mutum ce a gabansa. Mu kuma tabbatar kowane jariri a gidajenmu da maƙwabtanmu ya sami takardar haihuwarsa da wuri.